Waiwaye: Yadda aka koyi ɗauko fata da jininta don gyaran ƙuna

Dashen fata ba yau aka fara ba. Tun 1869 Jacques Reverdin ya gwada shi a Paris. Sai dai fatar da aka fere kamar shuka take, sai ta sami danshi a ƙarƙashinta take kamawa. In wuta ta ci har ƙashi ko jijiya ta fito fili, ko an shimfiɗa fatar, mutuwa za ta yi. Irin wannan rauni nama yake so mai tafe da jininsa.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Harold Gillies ya yi ta amfani da wata dabara a Sidcup, Ingila: a naɗe fata kamar bututu, a bar gefe ɗaya manne da jiki. In ɗayan gefen ya kama a sabon wuri bayan makonni, a yanke na baya a matsa gaba, daga kan cikin majinyaci zuwa hannu, daga hannu zuwa fuska. Tana aiki kam, amma majinyaci kan kwashe watanni yana shan wuƙa.

Madubin likita mai ƙara girman abu ne ya gajarce wannan tafiya. A 1960 Julius Jacobson ya ɗinke ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashinsa a Vermont ta Amurka. Zaren irin wannan ɗinki bai kai kaurin silin gashi ba. A 1973, a Melbourne, likitoci Daniel da Taylor suka cire fata ɗungurungum daga gindin cinya, suka haɗa jijiyoyinta da na ƙafa a tiyata guda. Daga baya Yang Guofan da abokan aikinsa a Sin suka gano amfanin fatar sangalin hannu, mai laushi, mara kauri, ga wuyan da tabon ƙuna ya janye har haɓa ta manne da ƙirji.

Amma fa ƙuna tana da taurin kai, musamman ta lantarki: jijiyar da za a haɗa ma ta yiwu ta dahu daga ciki, nesa da inda ido ke gani, jini ya daskare a bakin ɗinkin. Dole likita ya bi ta har inda take da lafiya. Shi ya sa har yau yawancin ƙuna dashen fata ake yi musu, wannan tiyata kuwa sai inda ya gagara. Bayanta ma ba barci: kowace awa ma'aikaciyar jinya na leƙa naman, ta duba launinsa, ta taɓa ɗuminsa. In ya fara shuɗewa a koma ɗakin tiyata da gaggawa, wani lokaci kuma a ɗora masa matsattsaku su tsotse jinin da ya taru.