Ma'anar Burtali da Matsayinsa a Ƙasar Noma

Burtali shi ne hanyar da aka keɓe wa dabbobi a tsakanin gonaki, domin shanu da tumaki su tashi daga ruga ko daga gari su isa makiyaya da mashaya ba tare da sun taɓa shukar kowa ba. Wasu suna kiransa labi. A ƙauyukan Zamfara ana gane tsohon burtali da shingen bini-da-zugu ko aduruku da aka dasa dama da hagu, da kuma ƙasarsa wadda kofato ya daddale har ciyawa ba ta iya tsayawa a tsakiyarta. Akwai ƙanana da ke hidimar gari ɗaya, akwai kuma manya da ke ratsa jihohi, waɗanda garkunan da ke gangarowa daga Jamhuriyar Nijar da rani suke bi zuwa kudu, su sake bi su koma arewa idan damina ta faɗi. Irin wannan zirga-zirga ce ƙungiyar ECOWAS ta tsara wa ƙa'idoji a shekarar 1998.

Ƙasar karkara tana da rabo tun kaka da kakanni: ga gidaje da hurumin gari, ga gonakin tudu na gero da dawa da wake da auduga, ga fadama, ga saura da ake bari ta huta, ga makiyaya da gandun daji. Burtali ne yake haɗa waɗannan sassa, kuma makiyayar da aka toshe burtalinta ta zama kamar ɗakin da ba shi da ƙofa. Saboda haka babban kuskure ne a dube shi a ce fili ne da ba kowa a kansa, don kawai ba a ga kunya ko gini a ciki ba, alhali wucewar dabbobi ita ce amfanin da ake yi da shi.

Doka ta san da kiwo a matsayin hanyar amfani da ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon bayar da filin karkara har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Raunin yana nan ne: mafi yawan burtalai ba a auna su ba, ba a kuma zana su a taswira ba, iyakokinsu suna cikin kan dattawa da dagaci da ardo, kuma duk dattijon da ya rasu yakan tafi da wani ɓangare na shaidar.

Burtali ba ya ɓacewa a dare ɗaya. Mai gonar da ke gefensa yakan ƙara kunya ɗaya bana, maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ƙara tasa baɗi, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma wadda sai saniya ta bi bayan saniya. Sau da yawa ba mugunta ce ke sa manomin yin haka ba, domin gonar da uba ya noma shi kaɗai yanzu 'ya'ya da jikoki ne suka raba ta gado, saura kuma ta ƙare. Takin zamani ya rage buƙatar da manomi ke da ita ga Bafulatanin da a da manomin yake roƙonsa ya sauka a gonarsa bayan kaka, shanu su ci kara su bar masa taki. Noman rani da injin ban ruwa ya rufe bakin fadamun da dabbobi ke shan ruwa. Abin da ya fi waɗannan duka ciwo shi ne yanka manyan gonaki a cikin gandun daji ana bai wa masu hannu da shuni, domin wannan da sa hannun hukuma ake yinsa.

Idan hanya ta ƙuntata sai shanu su faɗa gona, sai maganar ɓarna da tara da kotu ta taso, kuma kowane ɓangare yana da labarin zaluncin da aka yi masa a wurin. Rashin tsaron da ya addabi ƙananan hukumomin Zurmi da Maradun da Maru a Zamfara yana da dalilai da yawa, har da satar shanu da yaɗuwar makamai, amma toshewar burtali tana cikin tushensa.

Don haka idan gwamnati ta ce za ta dawo da burtalai, aikin da ke gabanta shi ne tara dattawan manoma da ardo-ardo su nuna iyaka tare, a kafa turakun siminti, a shigar da ita taswirar ƙaramar hukuma, sannan a nema wa manomin da ya gaji gona a kan hanyar wani filin da zai ciyar da iyalinsa kafin a ce ya tashi.