Bashin gwamnati ba kyauta ba ne

Har yanzu a majalisar mu nan Ƙofar Ƙaura in an ce an buɗe bashin NIRSAL ko na Bankin Masana'antu sai ka ji ana "rabonmu ne, wa zai biya?" To malam ba haka abin yake ba. Tallafi daban, bashi daban, kuma takardar da ka sa ma hannu ta faɗi wanne ne, mu ne dai ba mu karantawa.

Tun 2020 Babban Banki ya kawo tsarin GSI, wato in ka ci bashi ba ka biya ba, da BVN ɗinka za a bi duk asusun da kake da shi a zare kuɗin. Wani tela maƙwabcina babur ya saya da nashi bashin, bai biya ba, ranar da kuɗin ɗinkin sallah suka shigo, alat ɗin cirewa ya biyo baya ko shayi bai gama sha ba.