Kuɗaɗen ƙari a tikitin jirgin sama

Kuɗaɗen ƙari su ne abin da kamfanin jirgin sama yake karɓa daga fasinja bayan ainihin kuɗin tikiti, a kan hidimar da fasinjan ya zaɓa da kansa: kujerar da yake so, jakar da za a saka masa a rumbun kaya, abinci, shiga jirgi kafin sauran jama'a, sauya ranar tafiya, ko gyaran harafi a sunansa. A da mafi yawan waɗannan suna ƙunshe ne cikin kuɗin tikiti. Yanzu kamfanoni da dama sun kwance ƙunshin suna sayar da kowane abu daban, ta yadda farashin da ake tallatawa ba lallai ba ne ya zama abin da tafiyar za ta ci.

Ba ɗaya suke da haraji ba. A Najeriya kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti ana karɓar sa ne a madadin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, sannan akwai kuɗin hidimar fasinja na hukumar filayen jiragen sama, FAAN, wanda a 2020 aka ɗaga shi daga ₦1,000 zuwa ₦2,000 a tafiyar cikin gida. Waɗannan dole ne, ba a tambayar kowa ko yana so. Akwai kuma wanda ake rubutawa da alamar YQ ko YR a jikin tikiti, galibi da sunan kuɗin mai. Yana zama a layin haraji, amma aljihun kamfani yake shiga.

Asalin tsarin

A 1978 Amurka ta cire hannun gwamnati daga ƙayyade farashin tikiti, kamfanoni suka shiga gasar araha. Daga baya kamfanonin rangwame na Turai irin su Ryanair da easyJet suka gina kasuwancinsu a kan tikiti mai sauƙin kuɗi wanda bai ƙunshi komai ba sai wurin zama. Ryanair ya fara karɓar kuɗin jakar rumbu a 2006. Manyan kamfanoni sun biyo baya a 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta kai kusan dala 147: American Airlines ya sanya dala 15 a kan jakar farko, takwarorinsa suka bi sahu cikin 'yan makonni. Farashin mai ya sauko daga baya, kuɗin jaka bai sauko ba.

Dalilai biyu suka tabbatar da tsarin. Shafukan intanet masu kwatanta farashi suna jera tikiti daga mafi araha, don haka duk kamfanin da ya cire jaka da kujera daga farashinsa shi ne yake hawa sama. Na biyu, a Amurka harajin kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗora wa tikitin cikin gida ba ya hawa kan kuɗin jaka. Wani rahoton kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka da ya fito a Nuwamba 2024 ya nuna cewa kamfanoni biyar, wato American, Delta, United, Spirit da Frontier, sun tara dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓar kujera kaɗai tsakanin 2018 da 2023. Hatta Southwest, wanda ya yi shekaru yana alfahari da ɗaukar jaka biyu kyauta, ya fara karɓar kuɗinsu a Mayu 2025.

Kuɗin zaɓar kujera

Abin da ya fi ruɗa sababbin matafiya shi ne zaton cewa wanda bai biya kuɗin kujera ba ba shi da wurin zama. Ba haka ba ne. Tikiti da kansa ya ba fasinja kujera. Abin da ake saya shi ne ikon nuna wacce. Wanda ya tsallake wannan mataki, na'ura za ta ba shi ɗaya daga cikin waɗanda suka rage lokacin tantancewa, wato tabbatar da tafiya da karɓar katin shiga jirgi, wadda yawancin kamfanoni ke buɗewa a intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Shafin sayen tikiti yakan nuna taswirar jirgi cike da kujeru masu farashi, maɓallin tsallakewa kuma ɗan ƙarami a gefe, da gangan.

Farashin kujera ya danganta da wurinta. A jirgi samfurin Boeing 737 ko Airbus A320 kujeru shida ne a kowane layi, uku dama uku hagu: A da F na taga, C da D na bakin hanya, B da E na tsakiya. Na tsakiya su ne suka fi araha, su ne kuma na'ura ta fi rabawa kyauta. Layukan gaba sun fi tsada saboda saurin sauka, ko da yake faɗinsu ɗaya da na baya. A ƙananan jirage irin su Embraer E195, CRJ900 da ATR 72, waɗanda ake yawan gani a zirga-zirgar cikin gida, kujeru bibbiyu ne, babu ta tsakiya, don haka biyan kuɗi don guje mata asara ce. ATR 72 ma ta ƙofar baya ake shiga da fita, wanda ya sayi layin gaba don ya riga kowa sauka shi ne zai zama na ƙarshe.

Tazarar da ke tsakanin layi da layi a ajin talakawa, wato aji mafi araha a jirgi, takan kama daga inci 28 zuwa 32. Inda ake samun ƙarin wurin miƙe ƙafa shi ne layin ƙofar gaggawa da layin da ke fuskantar bango, kuma kowannensu da sharaɗinsa. A layin ƙofar gaggawa ba a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 15, wasu kamfanonin 16, haka mai ɗauke da jariri, mai rauni, ko wanda ba ya jin harshen da ma'aikatan jirgi ke ba da umarni da shi. Nan ne ake yawan samun saɓani: mutum ya saya wa mahaifinsa dattijo wannan kujera don ya sake, ma'aikaciyar jirgi ta duba ta ga ba zai iya ɗaga ƙofar ba, ta tashe shi. Dokar tsaro ce, rasit ba ya rinjayar ta. Layin bango kuwa ba shi da wurin tura jaka a ƙarƙashin kujerar gaba, teburinsa yana cikin hannun kujera don haka hannun ba ya ɗaguwa, kuma a manyan jirage nan ake rataya gadon jarirai. Layin da ke gaban ƙofar gaggawa da layin ƙarshe sau da yawa ba sa kwantawa baya.

Ko an biya, kujerar ba ta zama mallaki ba. Kamfani na iya sauya jirgi ya kawo wani mai tsarin kujeru daban, ko matuƙi ya sa a matsar da fasinjoji don daidaita nauyi, abin da ya fi faruwa a ƙananan jirage idan ba su cika ba. A irin wannan hali ana da haƙƙin neman a mayar da kuɗin, amma yawanci sai an nema. Shaidar biyan tana cikin wani rasit na daban da ake kira EMD, mai lambarsa, wanda aka liƙa wa lambar ajiyar wuri mai haruffa shida. Wanda ya saya ta hannun eja ya karɓi wannan rasit, domin da shi ake bin kuɗin. Iyali kuma su sayi tikitinsu a lambar ajiya guda. Idan kowa da tasa, na'ura ba ta san tare suke ba, sai uwa ta tsinci kanta a layi na 8, yaranta a layi na 25.

Kaya

Ga matafiyan Kaduna, musamman 'yan kasuwa masu sarin kaya daga Dubai, Alkahira ko Guwanzu, kuɗin kaya ya fi na kujera ciwo nesa ba kusa ba. Tsari biyu ake bi. A tsarin nauyi ana ba fasinja jimillar kilo, ya raba su jaka nawa ya ga dama, abin da ya haura a biya kilo-kilo. Shi aka fi amfani da shi a cikin gida. A tsarin ƙidaya ana ba shi adadin jakunkuna, kowacce kada ta wuce kilo 23 a ajin talakawa, kuma tsawo da faɗi da kauri a haɗe kada su wuce santimita 158. A wannan tsari ba a haɗa lissafi: mai jaka biyu, ɗaya kilo 28 ɗaya kilo 15, zai biya kuɗin nauyin ta farko duk da jimillarsa 43 ba ta kai 46 ba. Maganin shi ne a kwashe kilo 5 a mayar cikin ɗayar kafin a hau sikeli. Jaka guda kuma ba ta wuce kilo 32 ko nawa za a biya, saboda lafiyar bayan masu lodi. Abin da ya zarce haka sai a raba shi ko a tura ta kargo.

Sayen ƙarin kilo a intanet kafin ranar tafiya kusan kullum ya fi araha a kan biya a gaban kanta, mafi tsada kuma shi ne a bakin ƙofar shiga jirgi, inda ake kama jakar hannu da ta wuce kima. Jakar hannu galibi kilo 7 ce. Siffar jaka ma tana da hukunci: a Nuwamba 2023 Ethiopian Airlines ya hana jakar Gana-mas-go daga Najeriya sai an saka ta cikin kwali ko wani abu mai kusurwa huɗu, saboda tana maƙalewa a bel ɗin jigilar kaya.

Wani tarkon shi ne tikiti biyu da ba su haɗu ba. Wanda ya sayi tikitin ƙetare zuwa Legas mai jaka biyu na kilo 23, sannan ya sayi na Legas zuwa Kaduna daban, zai tarar da cewa kamfanin cikin gida bai san da alƙawarin na waje ba, awonsa zai yi, kuma abin da yake bayarwa kyauta ya gaza kilo 46 da nisa. Wannan ne ya sa wasu suke sauka a Abuja su kama jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, ko su hau mota. Jigilar alhazai daga sansanin Mando da ke Kaduna tana da nata tsarin, domin hukumar alhazai ce ke ƙayyade jakunkuna da nauyinsu, kuɗin kuma yana cikin kuɗin kujerar Hajji. Mai zuwa Umara da tikitin kansa ba ya cikin wannan, ƙa'idar kamfaninsa ce ke kansa.

Biyan kuɗin jaka ba inshora ba ne. Idan kaya suka ɓace a tafiyar ƙetare, yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta ƙayyade iyakar diyya ga kowane fasinja, ba ga kowace jaka ba, kuma tun Disamba 2024 iyakar ita ce 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, kimanin dala dubu biyu. Mai ɗauke da hajar da ta fi haka daraja yana iya bayyana ƙimarta a kanta ya biya wani kuɗin daban, in kamfanin yana karɓa.

Sauya rana, rashin zuwa da gyaran suna

Sauya ranar tafiya kuɗi biyu ne: tarar sauyi, da bambancin farashi tsakanin tsohon tikiti da na sabuwar rana. Na biyun ne yakan fi yawa, musamman gab da Sallah ko Kirsimeti. Wanda bai zo ba kuma bai soke ba kafin tashi, akwai tarar rashin zuwa, sannan a tikitin zuwa da dawowa na'ura takan soke na dawowar gaba ɗaya. Gyaran suna matsala ce da ta shafi Hausawa sosai, saboda Muhammad, Mohammed da Muhammadu suna ɗaya ne a baki amma uku ne a na'ura, haka A'isha da Aishatu. A rubuta sunan harafi-harafi yadda yake a fasfo. Gyaran haruffa kaɗan wasu kamfanoni suna yi kyauta, wasu da kuɗi, mayar da tikiti ga wani mutum kuwa mafi yawansu ba sa yi. Sauran ƙananan kuɗaɗe sun haɗa da rakiyar yaro mai tafiya shi kaɗai, ɗakin hutu na filin jirgi, intanet a sama, da kuɗin tantancewa a kanta da wasu kamfanonin rangwame na Turai ke karɓa daga wanda bai yi ta waya ba. Keken guragu ba ya cikin wannan jeri, taimakon naƙasassu kyauta ne.

Doka

A Tarayyar Turai doka mai lamba 1008/2008 ta wajabta nuna cikakken farashi tun farko, ta kuma hana a zaɓa wa fasinja ƙarin hidima sai shi ya danna da hannunsa. A 2014, a shari'ar kamfanin jirgin sama na Sifaniya, Vueling, kotun Tarayyar ta yanke cewa ana iya karɓar kuɗin jakar rumbu amma ban da jakar hannu mai matsakaicin girma da nauyi. A Nuwamba 2024 Sifaniya ta ci kamfanonin rangwame biyar tarar yuro miliyan 179, daga cikin laifuffukan har da karɓar kuɗin jakar hannu da kuɗin zaunar da yaro kusa da mai kula da shi. Kamfanonin sun garzaya kotu. A Amurka ƙa'idar 2024 ta ce a mayar da kuɗin jaka idan ta makara awa 12 a tafiyar cikin gida, da kuɗin duk hidimar da aka biya ba a samu ba.

A Najeriya kare haƙƙin fasinja yana ƙarƙashin kashi na 19 na ƙa'idojin NCAA. Ana fara kai koke ga kamfanin a rubuce, tare da lambar tikiti, lambar ajiyar wuri, katin shiga jirgi da rasit ɗin abin da aka biya. Idan bai warware ba, sai a kai wa jami'an kare haƙƙin fasinja na hukumar, waɗanda ke da tebur a filayen jiragen sama, ko a shigar ta shafinta na intanet. Koken da ya shafi jaka kuwa ana fara shi ne tun kafin a bar zauren karɓar kaya, ta hanyar cike takardar rahoto a teburin kamfanin da riƙe ɗan tambarin da aka liƙa a bayan katin shiga jirgi. A tafiyar ƙetare wa'adin rubuta koke kwana 7 ne idan jaka ta lalace, kwana 21 idan makara ta yi.