Idan aikin ƙera na'urar asibiti ya wuce wa'adi

Wane wa'adi ne ya fi tsada idan aka saɓa shi?

Ranar rufe zane, wato ranar da injiniyoyi za su daina taɓa siffar na'urar da kayan da za a ƙera ta da su. Gwaje-gwajen da hukumar da ke ba da izinin sayar da na'urorin asibiti ke nema ana yin su ne a kan irin na'urar da za ta shiga kasuwa. In aka sauya robar bututun ƙarin ruwa bayan an gama gwajin dacewa da jikin mutum na ƙa'idar ƙasa da ƙasa ISO 10993, sau da yawa sai an sake wani ɓangare nasa.

Ba za a ƙara ma'aikata a cike giɓin ba?

Wasu ayyukan ba ruwansu da yawan hannu. Ɗauki gwajin daɗewar ƙunshi: ana ajiye na'urar cikin ledarta a akwatin zafi mai digiri 55, inda kusan kwana 46 ke tsayawa a madadin shekara ɗaya, idan an ɗauki zafin ɗakin ajiya a digiri 25. Mai son rubuta shekara uku a jikin kwali sai ya jira kusan kwana 137, ko injiniya ɗari gare shi. Kuma ba a fara ƙirga kwanakin sai an kashe ƙwayoyin cuta a samfuran. Kamfanonin da ke wannan aiki da iskar ethylene oxide layi ake bi a wurinsu. Wanda ya rasa gurbinsa sai ya nemi wani.

Yaya abin yake a wurin hukuma?

A Amurka, burin hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, shi ne duba takardar 510(k), wato takardar neman izinin shigar da na'ura kasuwa, cikin kwana 90 na agogonta. Da ta nemi ƙarin bayani, agogon ya tsaya, kamfani na da kwana 180 ya amsa, in ba haka ba a ɗauka ya janye. Wanda ya miƙa takarda da rahoton gwaji rabi da rabi don ya cika wa'adi, nan yake faɗawa. A Tarayyar Turai, ƙarin lokacin da aka ba tsofaffin na'urori zuwa ƙarshen 2027 ko 2028 don su cika sharuɗɗan sabuwar doka na waɗanda suka shigar da buƙata zuwa 26 ga Mayu 2024 ne kawai.

Kuɗi fa?

Masu zuba jari kan saki kuɗi kashi-kashi, kowane kashi ɗaure da mataki. Albashi kuwa ba ya jira, haka ma shekara 20 na haƙƙin mallakar ƙirƙira, da ke ƙirguwa tun ranar shigar da takarda.

To me ya kamata a yi ranar da aka ga wa'adi zai kuɓuce?

A sake lissafa duk gwajin da ke jiran wannan mataki, a kira ɗakin gwaji a nemi sabon gurbi tun a ranar, a faɗa wa masu jari gaskiya. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne yawan samfuran gwaji da nazarin haɗari na ISO 14971, domin majinyaci ne za a saka wa bututun nan a jijiya.