"Post", "position" da "posting": amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Na daɗe ina aiki a sashen da ke riƙe da fayil ɗin ma'aikata, shi ya sa duk yaron unguwa da zai cike fom ɗin neman aiki sai ya biyo ta ƙofar gidana. Tambayoyin ba sa canzawa. Na amsa a zaure, na amsa ta waya, na amsa a bakin masallaci bayan Isha'i. Ga su a rubuce, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Mene ne "position" da Hausa?

In maganar aiki ake yi, muƙami ne ko gurbi. In ba ta aiki ba ce, matsayi ne ko inda abu yake. Yaron da ya zo na ɗaya a aji "first position" ya ɗauka. Shi ke nan.

To "post" fa? Na rubuta "application for the post of" aka ce na yi kuskure.

Ba ka yi ba. Kwantar da hankalinka, kada ka yage takardar. Turawan Ingila sun fi cewa "post", Amurkawa sun fi cewa "position", mu kuma tsarin aikin gwamnatinmu daga Ingila muka gaje shi, shi ya sa "post" ya cika takardunmu. Duba kalmar da masu tallan aikin suka yi amfani da ita, ka bi su.

An yi mini "posting". Ke nan na samu muƙami?

A'a. Nan ne kuke ɓata mini rai. Fostin tura ka wuri ne. Muƙami shi ne kujerar da kake kai, fostin kuwa shi ne inda aka kai ka da kujerar. Duk wanda ya yi bautar ƙasa ya san wannan. Tun da gwamnatin Gowon ta kafa NYSC a 1973, ana gama zaman sansani a miƙa wa kowa takardar fostin, mai ɗauke da sunan makaranta ko ofishin da zai yi shekararsa. Takardar ba ta mayar da shi shugaban makaranta ba, wuri kawai ta nuna masa.

Wani ɗan maƙwabcina ya kawo mini fom, a layin da aka ce "post held" ya rubuta sunan ƙaramar hukumar da aka tura shi. Da biro kuma, ga shi fom ɗin ɗaya tilo aka ba shi. Abin da ake so a layin nan shi ne malamin aji, ko akawu, ko jami'in gona. Sunan gari yana da nasa layin.

Akwai kuma tarkon Turancin Amurka. A wurinsu "job posting" tallan gurbin aiki ne. In ka ga saƙo mai wannan kai a wayarka, ba a ɗauke ka ba tukuna, an dai ce akwai gurbi. In kuma saƙon ya nemi ka tura kuɗi kafin a ba ka takarda, ka goge shi, 'yan damfara ne.

Me ya haɗa wannan "post" da na gidan waya da na Facebook?

Asalin "post" na aiki da "position" ɗaya ne, wata kalmar Latin mai nufin ajiyewa ko girkewa. Inda aka girke soja shi ne "post" ɗinsa. A da can a Turai ana girke mahaya dawakai zango-zango a kan hanya suna miƙa wa juna wasiƙu, daga nan gidan waya ya samo sunansa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wannan a Faransanci, inda "le poste" muƙami ne, "la poste" kuma gidan waya. Na Facebook daban ne, daga turken da ake manna sanarwa a jikinsa ya fito. Na "post-UTME" kuwa ma'anarsa "bayan", ba ruwansa da aiki.

Ina mataki na 08. Shi ne "post" ɗina?

Ba shi ba ne. Wannan matakin albashi ne. Tun bayan rahoton 1974 na kwamitin Udoji, wanda ya duba tsarin aikin gwamnati da albashi, ma'aikatan tarayya suke kan matakai daga 01 zuwa 17. Mai digiri yana shiga a 08, darakta yana 17. Jami'in mulki da akanta za su iya zama a 08 tare, albashi kusan ɗaya, muƙami daban.

Takardata ta ce ni babban jami'i ne, amma shekara biyu ke nan ni nake riƙe da sashe tun da maigidanmu ya yi ritaya. Fom ya ce "present position". Me zan rubuta?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abin da ke cikin fayil ɗinka.

Da farko, akwai takarda? In hukuma ta rubuto maka cewa ka riƙe muƙamin a matsayin muƙaddashi, to ka rubuta muƙamin da kalmar "acting" a gabansa, ka sa ranar da takardar ta fara aiki. Kada ka cire kalmar nan don sunan ya yi kyau a ido. Ranar tantancewa za a ce ka kawo takardar ƙarin girma ta ƙarshe, in suka ga ba ta yi daidai da abin da ka rubuta ba, ba za su ce mantuwa ce ba.

In kuwa da baki aka ce maka "ka ci gaba da kula da wurin", wanda shi ya fi yawa a ofisoshinmu, to a ganina ka rubuta muƙaminka na ainihi, wanda suke kira "substantive post". Aikin riƙon sai ka kai shi wurin da ake bayanin ayyukan da kake yi: kana kula da ma'aikata kaza, kai kake sa hannu a rahoton wata, kai kake wakiltar sashe a taro. Ta haka wahalarka ba ta tafi a banza ba, kuma ba ka ɗauki sunan da ba a ba ka ba.

Sai dai ba kowane fom ne yake son abu ɗaya ba. Fom ɗin gwamnati, musamman na ƙarin girma ko na fansho, muƙamin ainihi da mataki yake nema, domin da su ake lissafi. Kamfani ko ƙungiyar agaji kuwa sun fi damuwa da abin da hannunka ya taɓa yi, don haka a can za ka iya rubuta duka biyun a layi ɗaya, na ainihi a gaba, na riƙo a bayansa. Wanda aka ba da aronsa zuwa wata hukuma, abin da ake kira "secondment", nasa ya ƙara sarƙewa, domin kujerarsa tana gidansa na asali, aikinsa yana gidan aro. Shi ma ya ambaci duka biyun, ya nuna wanne ne na asali. In fom ɗin layi ɗaya ƙwal ya bayar, ni dai na asalin zan zaɓa, ko da yake na san abokan aiki da za su ce a sa na aron tun da a can ake ganinsa kullum. In akwai lambar waya a jikin tallan, kira ka tambaya, ba abin kunya ba ne.

Kuma ka ji ni da kyau, ɗana: shekara biyu kana riƙo ba takarda, sakaci ne. Gobe ka rubuta wa shugabanka cikin ladabi ka nemi a ba ka a rubuce. Na ga dattijo ya zo da jakar leda cike da takardu yana neman kuɗin riƙon shekara huɗu, muka zazzage jakar a kan tebur, muka juya fayil ɗinsa shafi-shafi, ba layi ɗaya da ya ce ya taɓa riƙe komai. Hawaye ya yi a gabana, ni kuma ba abin da zan iya yi masa.

"Vacant position" fa?

Gurbin da ba kowa a kai.

An yi mini fostin zuwa ƙauye. An rage mini muƙami ke nan?

Ba a rage ba, 'yata, daina kuka. Muƙaminki da matakinki suna nan yadda suke, wuri kawai aka canza. Rage muƙami hukunci ne, ba a yin sa sai an ba mutum takardar tuhuma ya kare kansa. In kina da uzurin aure ko na rashin lafiya, ki rubuta koke da shaidarki. Amma ki fara zuwa ki kama aiki, ki sa hannu a takardar kama aiki, ki tabbata an buga hatimi da kwanan wata, ki ajiye kwafi ɗaya a gida, sannan ki tura koken ta hannun sabon shugabanki.