Stu Ungar

Stuart Errol Ungar (1953 – 1998), wanda aka fi sani da Stu Ungar, ɗan wasan karta ne ɗan ƙasar Amurka da ya ci babbar gasar foka ta duniya, wato World Series of Poker, har sau uku: 1980, 1981 da kuma 1997. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna tebur ɗaya da shi suna cewa ba su taɓa ganin mai ƙwaƙwalwar karta irin tasa ba, amma duk da miliyoyin dalolin da suka bi ta hannunsa, a ɗakin wani ƙaramin otal ya rasu ba shi da komai.

Tasowarsa

An haife shi ranar 8 ga Satumba 1953 a birnin New York, a unguwar Lower East Side ta Manhattan. Babansa Isidore yana da mashaya inda yake karɓar kuɗin caca yana kuma ba da bashi da ruwa, don haka yaron ya buɗe ido ne a tsakiyar 'yan caca. Ana cewa yana ɗan shekara 10 ya fara cin gasar gin rummy, wani nau'in wasan karta da mutum biyu ke yi. Uban ya rasu da ciwon zuciya wajen 1967, uwar ta kwanta ciwo, shi kuma ya bar makaranta ya koma karta gaba ɗaya don ya riƙe gidan.

Gin rummy ne asalin sana'arsa, ba foka ba. Ya ƙware har ta kai babu mai yarda ya zauna da shi, labarin da aka fi yawan kawowa shi ne na Harry Stein, wanda ake ganin shi ne gwanin zamanin, wai Ungar ya cinye shi wasa 86 a jere bai bar masa ko ɗaya ba. Bashin da ya ci a cacar tseren dawaki ne ya kore shi daga New York, ya fara zuwa Miami, daga nan ya sauka Las Vegas wajen 1977.

1980 da 1981

Da kasuwar gin ta mutu masa sai ya juya foka. A 1980 ya biya dala 10,000 ya shiga babbar gasar da ake yi a gidan cacar Binion's Horseshoe, yana da shekara 26, siriri ne ƙarami kamar ɗan sakandare shi ya sa aka laƙaba masa The Kid, wato Yaro. Aka yi ta faɗuwa har ya rage daga shi sai Doyle Brunson wanda ya riga ya ci kambun sau biyu, Ungar ya doke shi ya tafi da dala 365,000. Shekara na zagayowa ya sake, wannan karon Perry Green ya kayar, dala 375,000. Ya kuma ci gasar Super Bowl of Poker ta wani shahararren ɗan foka, Amarillo Slim, sau uku, 1984, 1988, 1989.

Salon wasansa matsin lamba ne ba ƙaƙƙautawa, ƙari kan ƙari, sannan ga karanta mutum. Akwai wasan da suka yi su biyu da Mansour Matloubi, zakaran 1990, a farkon shekarun 1990, kowa ya ajiye dala 50,000. A katin ƙarshe Matloubi ya tura duk abin da ke gabansa, Ungar kuwa babban katinsa goma ne kawai, ko biyu iri ɗaya ba shi da su, amma ya ce masa abin da ke hannunka huɗu da biyar ne ko biyar da shida, na bi. Aka buɗe, huɗu da biyar ne, burga ce kawai. Har yau 'yan foka na ba da wannan labarin.

Faɗuwa

Kuɗi ba sa kwana a hannunsa. Abin da ya ci a tebur sai ya kai wa cacar wasanni da ta dawaki inda basirarsa ba ta da wani amfani, ga kuma hodar iblis da ya fara sha wai don ya iya kwana biyu a tebur ba barci, ta zo ta kama shi. Aurensa da Madeline ya mutu a 1986, ɗanta Richie da ya riƙa kamar nasa ya kashe kansa a 1989, makusantansa sun ce wannan ya ƙara dulmiyar da shi.

Gasar 1990 ce ta fi nuna halin da yake ciki. Yana cikin na gaba-gaba, rana ta uku bai fito ba, aka same shi a sume a ɗakin otal. Kujerarsa ba kowa, ana ta cire kuɗin dole da kowane ɗan wasa ke sakawa daga tarinsa zagaye bayan zagaye, amma saboda yawan abin da ya tara sai da ya ƙare a na tara.

1997

Ya zo gasar 1997 ba ko sisi ga bashi, sai dab da rufe rajista abokinsa Billy Baxter ya biya masa dala 10,000. Mutum 312 suka shiga. Ranar farko a galabaice yake har yana gyangyaɗi a tebur, daga baya ya farfaɗo ya riƙa kwashe mutane, da hoton 'yarsa Stefanie a aljihu, da wani zagayayyen tabarau shuɗi da aka ce yana saka shi ne don ɓoye hancinsa da hoda ta cinye. Teburin ƙarshe a waje aka yi shi, kan titin Fremont cikin zafin rana, ya doke John Strzemp ya ci dala miliyan 1, suka raba biyu da Baxter. Wani tsohon ɗan foka, Johnny Moss, ma yana da kambu uku, sai dai nasa na 1970 zaɓarsa aka yi, ba gasa ya ci ba.

Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare. A 1998 Baxter ya sake cewa zai biya masa, Ungar ya ce ba zai iya ba, bai fito ba.

Rasuwa

An tsinci gawarsa ranar 22 ga Nuwamba 1998 a Oasis Motel da ke Las Vegas, yana da shekara 45, da kusan dala 800 a jikinsa. Likitoci sun ce ciwon zuciya ne da shekarun shan ƙwaya suka jawo. Abokansa ne suka yi karo-karo aka yi jana'izarsa. Ana yawan cewa ya ci wajen dala miliyan 30 a rayuwarsa, amma ƙiyasi ne, don yawancin wasannin kuɗi ba a rubuta su. Mundayen zinare biyar ya ci a World Series, wato kyautar da ake ba wanda ya ci ɗaya daga cikin gasanninta, babba ko ƙarama, kuma an saka sunansa a Poker Hall of Fame, jerin gwanayen foka da ake karramawa, a 2001.