Danshi a Ɗaki: Tambayoyin Ƴan Bakin Gulbi da Ƴan Bakin Teku

Wani ƙanena da ya shekara yana fatauci a Kwatano ya dawo Yamai da akwatin tufafinsa. Da aka buɗe, farar shaddarsa ta Sallah duk ta yi ɗigo-ɗigo baƙi, takalmin fata ya yi furfura, zik ɗin jaka ya ci tsatsa. Ya rantse ruwa bai taɓa taɓa akwatin ba, kuma gaskiya ya faɗa. Mu da muka tashi a Yamai da Tawa mun saba da iskar da ke busar da wanki kafin a gama shanya, shi ya sa danshi yake shammatarmu, ko a Abijan da Lome, ko nan gida in damina ta yi tsakiya. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai.

Malam, ruwan da ba a gani, ta ina yake shiga ɗaki?

A cikin iska yake. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa: a ma'aunin zafi 30, iskar da ta cika mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi tana iya riƙe ruwa wajen giram 30, a ma'auni 20 kuwa wajen giram 17 kawai. In iskar ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke rarar, kamar yadda kwalbar ruwan firji take yin gumi. A Yamai cikin Fabrairu da Maris danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta ya haura 70. A bakin teku kusan duk shekara yana kewayen 80. Ruwan sama na Yamai bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, na Kwatano ya ninka shi, na Abijan ya ninka shi kusan sau uku.

Sai kuma wanda mu muke ƙarawa: numfashi, zufa, tururin tukunya, wanka, jiƙaƙƙen wanki a kan igiya cikin ɗaki. Ɗakin da samari shida ƴan ci-rani suke kwana, ƙofa da taga a rufe, da asuba bangonsa sai ya yi sanyi ya jiƙe.

Danshi nawa ne daidai a ɗaki?

Tsakanin kashi 30 da 50 ya fi, kada dai ya daɗe sama da 60. Akwai ɗan ma'aunin danshi mai batir, bai fi tafin hannu ba, ana rataye shi a bango.

Bangona ya kumbura daga ƙasa, fenti na ɓarewa, ga wani farin gari kamar kanwa. Iska ce ita ma?

A'a, Alhaji, wannan daga ƙasa yake hawa. Bulo da siminti suna tsotsar ruwa kamar yadda lagwani yake tsotsar kananzir, yawanci har zuwa tsayin mita ɗaya. Farin garin gishirin ƙasa ne da ruwan ya bari bayan ya bushe. Mazauna unguwannin Yamai da ke kusa da gulbi, irin su Saga, Lamorde da Kirkisoye, sun san shi, musamman tun ambaliyar 2020.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. A samu leda, a manna ta a bango da salatif, a rufe gefunanta huɗu, a bar ta kwana biyu. In bayanta na waje ne ya jiƙe, matsalar ta iskar ɗaki ce. In tsakaninta da bango ne, ruwan daga cikin gini yake fitowa, kuma ko fanka goma ba za su magance shi ba. A nan sai a zagaya gida: indararo yana zuba a gindin bango? Tsakar gida ta gangaro wajen ɗaki? Bututun famfo yana yoyo, ko masai ya matso? Kwanon rufi ya huje?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai gida ya sa a shafe wurin da fentin mai ko a liƙa tayil. Ruwan bai tafi ko'ina ba, hanyar fita aka toshe masa, sai ya ƙara hawa sama. Haka ginin ƙasa da aka yaɓe da siminti: laka na jiƙewa a ciki, wata rana yaɓen ya zubo falle guda. Maginanmu na da suna yaɓe da laka mai makuba, wadda take kore ruwan sama amma ta bar bango ya sha iska, kuma kafin kowace damina sai an sake bi.

Na sa turaren wuta amma warin na nan.

Hajiya, turare ba ya kashe fumfuna, rufe warinta yake yi. A janye gado da kabad daga jikin bango kamar tafin hannu, a ɗaga katifa daga daɓe, a fitar da darduma da kayan akwati rana duk lokacin da gari ya washe. Bango ko tayil mai baƙin tabo a wanke shi da sabulu da ruwa, taga a buɗe, hanci a rufe, sannan a bar shi ya bushe sarai. Mai amfani da ruwan javel kada ya gauraya shi da wani maganin wanki, haɗin yana fitar da iska mai guba. Katifar soso ko kwalin da fumfuna ta ratsa cikinsa, haƙuri za a yi a yar. Bayan ambaliya kuwa ba a jira, domin cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna take fara tsirowa.

Shin da gaske yana kawo ciwo, ko ɓarnar kaya ce kawai?

Yana kawowa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, toshewar hanci, shessheƙa da tashin asma. In yaro yana tari da dare, ya samu sauƙi in ya kwana wani gida, a duba bayan gadonsa, a kuma kai shi likita. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ɗakin ajiya su ma kada a ci, akwai guba a cikinsu mai lahanta hanta.

Na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa fa? Ta yi mini amfani da bazara.

Ta yi, domin aikinta ke nan: tana zuba ruwa a busasshiyar iska, ruwan ya ɗauke zafi. A Afrilu da Mayu a Tawa ni'ima ce. Amma a Agusta, ko a ɗakin haya a Lome, iskar ta riga ta ƙoshi, sai ɗaki ya koma kamar madambaci. A daina zuba mata ruwa, a bar ta ta yi aikin fanka.

Na'urar sanyi mai injin a waje ita ce take cire ruwa, shi ne wanda kuke gani yana ɗiga daga tiyo a bayan ɗaki. Yawancinsu suna da maɓalli mai alamar ɗigon ruwa, na busarwa. Kada a sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin, tana sanyaya shi nan take ta tsaya kafin ta tsotse danshin. Fanka ba ta cire ruwa, amma tana hana iska kwanciya a lungu, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Yaushe zan buɗe taga, tunda wajen ma danshi ne?

Daga hantsi zuwa la'asar, in rana ta fito. Da asuba da bayan ɗauke ruwa iskar waje ta fi jiƙewa. A buɗe biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, a bar ƙofar kabad ita ma a buɗe.

An ce in kunna gawayi a ɗaki ya busar da shi.

Don Allah, ɗana, kada ka yi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. In ɗakin ya jiƙe, ka fitar da kaya rana, ka buɗe ƙofa da taga, ka kunna fanka, ka kwana a rumfa cikin gidan sauro har ya bushe.